Tubarkallar da Ke Layin Ƙarshe

"Jar karsana ta mutu, Nuriyya."

Ko sallama Sharfaddeen bai ƙarasa ba. Yana tsaye a bakin zaurenmu, idanunsa jawur, ya ƙi kallon fuskata.

Na dafe ƙirji. "Innalillahi! Tawa?"

"Taki hwa. Jiya da hantsi ta kumbura, kahin a kawo wuƙa ta tahi."

"Zauna mana, abin ƙaunata, in kawo maka ruwa..."

"Ban zo zama ba. Inna ta ce ke kika kashe ta."

Ni?

Ni da ban taɓa ganin karsanar nan ba sai a hoto!

Bari in koma baya kaɗan. Ina da shafi a Facebook, sunansa Dakoro a Idona. Abin da na gani nake rubutawa: ɗan kabu-kabun da ya ɗauko rago a cinya, wutar lantarkin da ake ɗauke mana daidai lokacin da shayi ya yi daɗi, rigimar mata a bakin famfo. Amma abin da ya tara mini jama'a finafinai ne, na Indiya masu fassara da ake zuba mini a katin waya a kasuwa. Na fi son waɗanda jarumi ke rugowa tashar jirgi a minti na ƙarshe, ya kamo hannun masoyiyarsa. Ina kallo ina kuka, ni da garinmu ko layin dogo babu.

A ƙarƙashin irin wannan rubutun na fara ganin sunan Sharfaddeen.

"Malama, ƙarya ta. Ba ɗan Adam da ka iya kamo jirgi da gudu."

Na ba shi amsa, ya rama, na rama. Daga gardama sai ga shi a zaurenmu da cuku daga Azagor, inda garkensu yake. Dogo, mai sanyin magana, dillalin shanu a kara. Na so shi, so na gaske, ba zan ɓoye ba.

Aibinsa ɗaya ne: bai taɓa kallon fim har ƙarshe ba. Sai na jingina waya a jikin tulu, labari ya ɗauko daɗi, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Na gane inda za a je."

"Haba Sharfu! Daɗin na can ƙarshe!"

"Ki ba ni labari gobe, tauraruwata."

Dariya nake yi. Ashe abin da zai ci ni nake yi wa dariya.

Da maganar aure ta kankama, mahaifiyarsa Inna Hawa ta shiga garke da kanta, ta ware jar karsana ta ce ita ce sadakina. Ya turo mini hoton. Daɗi ya kwashe ni, na ɗora a shafina, na yi dogon rubutu. Na yabi ƙahonta, na yabi jan gashinta, na ce idonta ya fi na duk wata jarumar da na taɓa kallo. Kuma irin yadda finafinai suka koya mini, na ajiye mafi nauyin magana a ƙarshe: "Tubarkalla masha Allah. Allah ya tsare ta daga baki da ido."

Abin da ban lura ba, Facebook na datse dogon rubutu. Sai ya nuna maka sama, ya ɓoye sauran a bayan kalmomin nan biyu na Faransanci, voir plus, sai ka danna ka ga ragowar.

Tubarkallata tana can ƙasa.

Kowa a ƙasar nan ya san ba a yabon dabbar mutum baki sake. Makiyayi zai iya yafe maka zagi, amma ba zai yafe maka kambun baka ba.

Sai Kausar ta samu abin da take nema. Ɗiyar ƙanen baban Sharfu ce, tare muka yi lise, wato sakandare, kuma ita ce ta farko wajen danna wa rubutuna alamar so. Tun suna yara dangi ke cewa da ita ya dace. Ta hau mota har Azagor, ta zauna gaban Inna Hawa wadda ba ta karanta boko, ta karanta mata yabona daidai inda aka datse, ta tsaya. Sannan ta bi da maganganun mutane, ɗaya bayan ɗaya. Kwana kaɗan karsana ta faɗi.

Shi ne ya kawo shi zaurenmu da wannan fuskar.

"Kin kai dukiyarmu bakin duniya, ko tubarkalla babu!"

"Na rubuta! Wallahi na rubuta! Ka karanta har ƙasa?"

"Na ga abin da na gani."

Na miƙa masa waya. "Ka danna nan kawai, Sharfu..."

Ko hannu bai ɗaga ba.

"Kausar ta hwaɗa mani ana iya gyara rubutu daga baya. Yanzu kika ƙara ta."

Ashe har wannan ƙofar ta riga ta toshe.

"To maƙaryaciya ce ni ke nan?"

Ya kawar da kai.

"Inna ta ce macen da bakinta ya ci saniya tun tana waje, in ta shigo gida mi za ya rage?"

"Kai hwa? Kai mi ka ce?"

Ya kakkaɓe rigarsa, irin yadda yake yi a tsakiyar fim, ya fita.

Da Baba ya ji, bai rarrashe ni ba. "Na sha gaya miki, ɗiyata, abin cikin gida ba a shanya shi a kasuwa. Kuma ba ni zuwa roƙon kowa ya aure ki." Ya aika aka mayar musu da kayansu.

Ranar da zan tafi Maraɗi wurin gwaggota in huce, na yi abin kunya. Na roƙi direba ya ɗan jinkirta. Na zauna bakin taga ina leƙen ƙofar tasha, zuciyata na cewa yanzu zai rugo, yanzu zai kira sunana. Fasinjoji suka fara tsaki. Wanda ya shigo da gudu mai tallan biredi ne.

Bayan girbi aka ɗaura aurensa da Kausar. A shafinta na ga hotunan, an zuba tubarkalla tun daga layin farko.

Ban rufe shafina ba. Sai dai yanzu ko tumatur zan yaba, da tubarkalla nake farawa. Finafinan tasha kuwa na goge su duka daga katina, maƙaryatan banza.

Wata safiya ina tsintar shinkafa waya ta yi ƙara. Na goge lambar Sharfu tuntuni, amma ban manta ta ba.

"Nuriyya... na danna."

Na ci gaba da tsintar shinkafata.

"Na bi maganganun mutane har ta hwarko. Ta Kausar ce. Tun ranar da kika sa hoton ta rubuta, 'Amin, Allah shi tsare ta.' Addu'ar da kika sa ƙasa ta ce ma amin, Nuriyya. Ta gani tun ran nan."

"Na sani."

"Kin sani? Don mi ba ki nuna mani ba?"

"Na miƙa maka waya. Hannunka ne bai ɗagu ba."

Ya sassauta murya. Da can, da tuni na narke.

"Tauraruwata, ki yahe mani. Ke kika san waɗanga abubuwa... a hinahinanki, in an zo nan, mi jarumin ka yi?"

Na dubi shinkafar da ke farantina. Hawaye ya ɗiga a ciki, na tsince wurin na yar.

"Ba ka taɓa kaiwa nan ba, Sharfu, shi ya sa kake tambaya. A nan ba a yin komi. Sunayen 'yan wasa kawai ke hawa, kowa ya tashi ya kama gabansa."

Na kashe wayar.