Ƙwan da Tessa Ta Sato

Ranar gasar kajin ado ce ta ƙarshen kaka a filin gundumarmu. Wani ɗan mitsitsin zakara ya kufce daga hannun Tessa Brandt, ya tsallake layin kejuna, ya dira a kan hular wani saurayi.

"Kada ka motsa!" ta yi ihu. "Gashin jelarsa ɗaya ya karye, an gama da mu!"

Saurayin ya daskare. "To ni fa? Ba wanda zai tambayi lafiyata?"

Ta ɗauke zakaran a hankali. Irin Sebright ne, da kaɗan ya fi tattabara, kowane gashi ruwan zinariya da baƙin zare a gefensa kamar an bi shi da alƙalami. Saurayin, Wendell, ya dubi zakaran, ya dubi mai zakaran, ya rasa wanda zai fara yabo.

"Na daɗe ina neman wannan jinin," ya ce. "Kowa na tambaya sai ya ce in nemi Orville Brandt."

"Babana ne. Ba ya sayarwa."

"Ko ƙwai?"

"Ko kashinsu," ta ce, ta fashe da dariya.

Mahaifiyar Tessa ce ta fara kiwon wannan zuriya. Tun da ta rasu, Orville ya rufe ƙofar akurkin ga kowa. Don haka da Wendell ya fara zuwa hira, tsohon ya haɗe rai.

"Ba ke yake so ba, 'yata, akurkina yake so. Ga Royce nan maƙwabcinmu, bai san zakara da kaza ba, shi na tabbata ke yake nema."

Amma da sanyi ya fara janyewa, Tessa ta sato ƙwai bakwai, ta naɗe su cikin tsohon gyalen mamanta, ta kai wa Wendell. Biyar suka ƙyanƙyashe.

*Zinariyata, na zama uba,* ya rubuto mata. *Dukkansu masu tsiwa ne irinki.*

Sai agwagin daji suka dawo daga kudu, suka zo da murar tsuntsaye.

Tsoro ya shiga gundumar. Yau a ji gonar wane, gobe ta wane. Dokar ba ta da sassauci: kaza ɗaya ta kamu, duk garken za a kashe. Tessa ta daina barci. Da ta ji kukan agwagi a sama sai ta ruga akurki. Orville ya ajiye kwanon maganin tsoma takalmi a bakin ƙofa, ya rufe rufin akurki da leda, yana ƙirga kajinsa safe da yamma kamar mai gadin jarirai.

Wata safiya zakaran nan da ya haɗa su bai yi cara ba. Ta same shi a lungu, zankonsa ya yi baƙi, idonsa a kumbure.

Ba a daɗe ba farar motar jami'an jiha ta tsaya a ƙofar gida. Suka fito cikin fararen kaya, fuska a rufe. Orville ya zauna a dakalin gida, ya rufe kunnuwansa da hannu biyu.

Tessa ta rubuta wa Wendell: *Sun zo. Suna kwashe kajin Mama. Ka zo don Allah, ba zan iya ni kaɗai ba.*

Amsar ta yi jinkiri.

*Ba zan iya zuwa ba, masoyiyata. In na taka gidanku, zan dawo da cutar a takalmina, a gashina, a tayar motata. Ke ma kada ki zo. Biyar ɗin nan su kaɗai suka rage.*

*Ashe Baba ya yi gaskiya. Kaji ka zaɓa.*

Ta kashe wayar. Royce ne ya zo da kek ɗin tuffa na mahaifiyarsa, ya tsaya yana girgiza kai. "Ina mutumin naki? Kaji sun ƙare, soyayya ta ƙare, ko?"

Ta rufe masa ƙofa, amma maganar ta bi ta har ɗaki.

Da ta kunna wayar bayan kwanaki, saƙonnin Wendell suka yi ta shigowa. Na ƙarshen yana cewa:

*Ɗaya ta daina cin abinci. Ni da kaina na kira likitan jiha, ta ɗauki gwaji. Tessa, ina jin tsoro. In an kashe su, da wane ido zan kalle ki?*

Ta kira shi tana kuka. Muryarsa ta dushe. Tun ranar bai fita ko'ina ba, ko kanti bai je ba, gwangwanin wake yake ci.

"Kai wawa ne," ta ce cikin shessheƙa. "Ka ci abinci."

"Ki ce kin yafe mini."

"Ni ya kamata in roƙe ka haka."

Ta sami babanta zaune cikin akurkin da ba komai, warin magani ya cika wurin.

"Baba, na yi maka sata."

Ta faɗa masa komai. Ya daɗe bai ɗago ba, har ta fara tsammanin korarta zai yi.

"Ranar da suka zo, kin kira shi?"

"Na roƙe shi ma."

"Bai zo ba?"

"Bai zo ba."

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "Da ni ne da na zo a guje, in kashe su duka. Mamanki ce kawai take da irin wannan taurin kan."

Jiran sakamako ya fi komai wuya. Wayar na kan teburin cin abinci, uba da 'ya suna kallonta kamar maciji, kofi yana hucewa ba wanda ya taɓa. Da ta yi ƙara, Tessa ta kasa ɗauka. Orville ne ya danna.

"Yallaɓai," in ji Wendell. "Babu cuta. Ciyawa ce ta toshe mata maƙoshi. Yanzu ma tana tsattsagar yatsana."

"Yaro," in ji Orville, "kada ka kuskura ka zo gidana."

Tessa ta zaro ido.

Tsohon ya ƙara da cewa, "Sai jiha ta ɗage takunkumin cutar. Ranar kuma ka zo da zobe."

An ɗaura auren a ƙaramin cocinmu lokacin da masara ta nuna. A bakin rumfar walima Orville ya ajiye kwanon maganinsa, ya tsare kowa sai ya tsoma takalmi, har fasto, har amarya da farar rigarta a tattare. Royce ma ya tsoma yana gunaguni.

Da aka zo sa albarka, tsohon ya ɗora musu hannu a kai. "Allah ya tsare ku, ya tsare abin da kuka tsare."

Sannan ya ja angon gefe, ya cire hularsa.

"Ɗana, in sun fara ƙwai... ko za ka ɗan sayar mini?"

Wendell ya dubi amaryarsa. Ta ɗaga gira.

"Ba ma sayarwa, Baba," ta ce, ta rungume shi. "Amma gyalen Mama yana nan. Da shi za mu dawo maka da su."