Makarantar da Babu Ƙuda

Malam Ubaidullahi manomin albasa ne a Dingyadi. Wata Laraba da kaka, bayan la'asar, ya goyo 'yarsa Bahijja a babur suna dawowa daga Shagari, ransa a ɓace.

Makaranta ta uku ke nan da ya kai ta ta gani tun da sakamakon jarrabawarta ya fito da kyau. Aikin jinya take son karantawa, shi ma ya fi kowa son ta karanta. Amma ta farko, a Sakkwato, ta ce ba ta so domin mai gadin ya yi kama da malaminsu na lissafi. Ta biyu ta ce ɗalibanta sauri suke yi kamar an biyo su. Ta yau kuwa sai da suka zagaya ko'ina tana shiru, har ya fara murna, sannan ta ce famfon ɗakin kwana kukan akuya yake yi in an murɗa shi.

"Kukan akuya," ya ce, yana kauce wa rami. "Bahijja, karatu kinka zo yi ko sauraren famfo?"

Ta gyara riƙon ledar soyayyen kifin da suka saya wa mahaifiyarta, Saratu.

Sun kusa mararrabar Mandera sai ya hango wani allo a gefen titi, fari fes, an rubuta kwalejin koyon aikin jinya ta 'yan mata, ana ɗaukar ɗalibai. Shekara talatin yana bin hanyar nan, bai taɓa ganinsa ba. Ya ce a ransa, ai yanzu makarantu kamar ciyawa suke tsirowa. Ya karya kan babur ya bi 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gero.

"Baba, rana ta kusa hwaɗuwa."

"Dubawa kawai za mu yi."

Hanyar ta yi ta gangarawa. Gero ya ƙare, dogayen ciyayi suka fara. Can sai ga katanga fara, da ƙofa a buɗe. Babu mai gadi. Ya kafe babur a waje, suka shiga da sallama.

Wuri ne mai kyau, ko shi ya san haka. Tsakar makarantar a share, gine-gine a jere, fenti sabo. Sai dai akwai sanyi, irin na bakin rijiya, da warin laka, alhali mako uku ke nan rabon ƙasar da ruwan sama.

Wata doguwar mata cikin farin hijabi ta fito daga baranda. Bai ji takunta ba.

"Maraba da baban Bahijja," ta ce a hankali. "Mun daɗe muna jiranku."

Ya ji daɗin karramawar. Bai tsaya tunanin inda ta san sunan ba.

Ta wuce gaba, suka bi ta. Ta tagar wani aji ya ga 'yan mata cikin fararen kaya, sun ba su baya, kowace ta sunkuya tana rubutu. Babu malami. Babu komai a kan allo. Ƙarar alƙalumansu kawai ke tashi, kar, kar, kar, duk a tare, kamar hannu ɗaya ke rubutun.

"Kin gani?" ya ce da 'yarsa. "Wanga shi na karatu."

Bahijja ta ja gefen rigarsa.

"Baba, ba ni son makarantag ga."

Ya ja dogon numfashi. "To, mi na laihinta kuma?"

"Babu ƙuda."

"Mi?"

"Babu ƙuda, Baba. Ko guda."

Kunya ta kama shi. A gaban baƙuwa! Ya galla mata harara, ya ce da matar ta yi haƙuri, ƙuruciya ce. Matar ta yi murmushi ba ta juyo ba.

Amma da suka ci gaba da tafiya, idonsa ya faɗa kan ledar kifin. Tun daga Shagari duk inda suka tsaya sai ƙudaje sun yanyame ta. Yanzu babu. Ya saurara. Babu kukan gyare. Babu sauro, ga shi magariba ta gabato a cikin kwari. Ko tsuntsu bai gifta ba.

Ya ce a ransa, feshi suke yi.

Aka kai su ɗakin kwana. Gadaje a jere, an shimfiɗe su tsaf. Matar ta nuna na ƙarshe, a lungu. A jikin ƙarfen gadon an rubuta Bahijja Ubaidullahi. Fentin rubutun ya tsufa, har ya fara ɓarewa.

Bahijja ta damƙe hannunsa. 

"Baba, mu tahi gida."

"Yi mani shiru!" ya ce. Gajiyar makonni uku ta taso masa: ranakun da ya bar gona, dariyar da abokan hirarsa ke yi masa a majalisa suna tambaya ko gimbiya ta zaɓa. Ya ƙudura yau za a gama.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ba fitila. A kan tebur akwai wani katon littafi, takardunsa sun kumbura kamar an tsamo shi daga ruwa. Ya ciro takardun Bahijja daga aljihu ya miƙa.

"Ba mu biɗar takarda," in ji matar. "Ba mu biɗar sa hannu. Da baki akan ba mu. Ka ce, na ba ku ita. Shi ke nan."

Ya ji maganar ta yi masa sauƙi. Kansa ya yi nauyi, kamar mai gyangyaɗi. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Na ba ku..."

Bahijja ta yar da ledar, ta toshe masa baki da tafinta.

"A'uzu billahi minas shaiɗanir rajim! Baba, dubi ƙasa!"

Ya duba.

Ruwa ne ke ɗiga daga gefen hijabin matar. Baƙin ruwa. Ya taru a ƙasa, ya malalo har ya taɓa takalminsa. Ya ɗaga kai. Tun shigowarsu, yanzu ya tuna, matar ba ta ƙifta ido ba.

Can cikin azuzuwa, ƙarar alƙaluma ta tsaya cak.

Sai ƙarar kujeru. Ɗaruruwa, an ture su baya lokaci ɗaya.

"Ƙarasa, Malam," in ji matar. "Saura kalma guda."

Ya fizgi hannun 'yarsa suka fita a guje.

Tsakar makarantar da suka taka ɗazu a bushe ta zama taɓo. Ƙafa ta nutse har idon sawu. Ya zaro ta, takalmi ya zauna a ciki. Bai waiwaya ba. A bayansu babu ihu, babu taku. Sai ƙarar jiƙaƙƙun tufafi, fat, fat, fat, suna matsowa.

Suka kai ga babur. Ya buga.

Shiru.

Ya sake bugawa. Bahijja ta haye bayansa, ta ƙanƙame shi, tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Wani sanyi ya sauka a kunnensa na hagu, da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa.

"Mutum guda za ya hita," muryar ta raɗa masa. "Zaɓi, Malam. Kai ko ita?"

Ko tunani bai yi ba. Wane uba ne zai yi tunani? Harshensa ya ɗaga zai ce ita.

Sai ya gane: kalmar da ta rage ke nan.

Ya datse harshen da haƙora, har ya ji gishirin jini ya cika masa baki.

"Kai ko ita?"

Ya yi gum. Hawaye na zuba, yana buga babur.

"Kai ko ita?"

Wasu yatsu masu sanyi suka fara ɓamɓare hannuwan Bahijja daga ƙugunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya danne hannuwan da nasa.

Daga nesa, ta wajen Mandera, ladan ya ɗaga murya. Allahu Akbar.

Yatsun suka saki.

Babur ya tashi.

Bai san yadda suka hau gangaren ba. Bai tsaya ba sai a Bodinga, a gaban wani masallaci, cikin hayaniyar masu Keke Napep. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi, gaban rigarsa duk jini. Bahijja ta kasa sakin sa, sai da wasu mata suka taimaka.

Washegari da hantsi ya koma da ƙanensa Ɗanbaba da mutum huɗu. Babu allo. Babu katanga. Fadama ce kawai, ruwa kwance cikin ciyawa, shiru. Wani tsoho da ke yankan gero a tudu ya ce tun zamanin kakansa ba a noma wurin, ba a kai dabba shan ruwa. Da suka tambaye shi dalili, ya ɗauki laujensa ya yi gaba.

Harshen Malam Ubaidullahi ya warke, amma maganarsa ba ta koma daidai ba. Bahijja ta sami makaranta a Sakkwato, yanzu tana shekara ta uku.

Sai dai duk shekara, in kaka ta yi, Saratu kan tsinci wata takarda a zaure da safe, a jiƙe, ba a san wanda ya kawo ta ba. Layi ɗaya ne a jiki: gadon Bahijja yana nan. Sukan kai wa liman, ya yi addu'a, a binne ta bayan gari.

Bana ma ta zo. Saratu ta miƙa wa Malam Ubaidullahi.

Ba sunan Bahijja ba ne a jiki. Sunan Atika ne, autarsu, wadda ke aji huɗu a firamare.