Sanduna Shida a Firiza

An zalunce ni a gidan nan, kuma tunda babu mai tsaya mini, bari in faɗi yadda aka yi da bakina.

Gidan na Yayata ne. Ni ina ɗakin baya, dab da lungun da aka ajiye firiza, tun ranar da na rufe shagon ɗinki na ce zan huta wata biyu. Bana shekara huɗu ke nan. Ɗanta Dogo yana sama da matarsa, ma'aikaciyar kantin magani, wata bakwai da aure, har yanzu Amarya muke ce mata. Yaran nan suna son juna irin son da ke ba mai kallo haushi: shi ya riƙe mata jaka, ita ta gyara masa wuyan riga, kamar ba su ga babba a wurin ba.

Ranar da likita ya ce Yaya tana da ciwon suga, jin an hana ta askirim ya fi sunan ciwon tayar mata da hankali. A teburin cin abinci Amarya ta ce, "Umma, kada ki damu. Zan riƙa yi miki wanda ya fi na kanti. Yogot marar suga da 'ya'yan itace, a daskarar a firiza. Ɗaya a rana."

Na yi dariya har na ƙware. "Wato madarar da ta yi tsami za ki tsire a sanda ki kira ta askirim? Ranar da kuka ga wannan abu a bakina, ku aske mini gemu."

Gemun nan kuwa, duk layinmu babu irinsa. Kowane mako sai na shafa masa baƙi, ba don furfura ba, don dai ƙyalli.

Washegari da rana, Dogo da Amarya suna wurin aiki, Yaya tana barcin rana, na buɗe firizar don bincike kawai. Ga mazubin roba mai rami shida, kowane rami da sandarsa. Na zaro ɗaya, rawaya kamar ƙwaiduwa, na ɗan lasa don in san abin da zan kushe. Laushi kamar man shafawa, babu tsinin ƙanƙara ko ɗaya, tsami da zaƙi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na zaro ta biyu don in tabbatar. Ban san yadda aka yi da sauran huɗun ba. Na dai wanke sandunan tas na mayar, domin ni mutum ne mai tsafta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, yaya aka yi madara mai tsami ta zama haka? Da safe na shiga kicin wai neman cokali.

"Wannan ƙyallen fa, Amarya? Wanki kike yi wa yogot ɗin?"

"Tacewa nake, Kawu. In ba a tsane ruwan ba, ƙanƙara zai zama, ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki."

"Ayabar nan ai ta mutu. Dubi baƙi-baƙi a jikinta."

"Ita ce sugan. Sai ta nuna sosai ake yankawa a daskarar, sannan a niƙa da mangwaro. Dabino biyu da aka jiƙa, ɗigon lemun tsami, shi ke nan." Ta zuba a mazubin, ta ɗan bubbuga shi a kan tebur.

"Laifin me ya yi miki?"

"Iska nake fitarwa, kada ya yi ramuka. Kawu, ka ce ba ka so, amma ka fi ɗalibi tambaya."

"Ilimi nake nema," na ce, na ɗauki cokalina.

Mako biyu ina cikin ni'ima. Ranar abarba, ranar gwanda, wata rana ma inibi ta tsoma a yogot ɗaya-ɗaya ta jera a faranti, suka daskare kamar maɓallan riga. Sai abubuwa suka fara lalacewa. Ranar Talata babu dabino. Ranar Laraba an rage ayaba. Ranar Alhamis na zaro sanda na gan ta kore: kokwamba! A gidan Yayata, ni da girmana, aka ba ni kokwamba. Na shanye shidan, amma da ɓacin rai.

"Amarya, ina dabino?"

Ta juyo. "Ya aka yi ka san babu?"

"Ban ji ƙararsa a bilenda ba."

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Kawu, ka riƙe mini sirri. Ɗaya a rana na ce, amma kullum na dawo sai in tarar Umma ta shanye shida. Ba zan iya kunyata ta in ce ta rage ba. Shi ne nake rage zaƙin, kada sugan ya hau."

Nan ne ya kamata in yi magana. Na shafa gemuna, na ji laushinsa, na ce, "Allah ya yi miki albarka."

Abin da ban sani ba, Yaya ma tana nata lissafin. Kullum tana jin ƙarar bilenda, tana jira a kawo mata a hannu, don ita ba mai buɗe firiza ta nemi abin da suruka ta yi ba ce. Kullum kuma tana ganin Amarya ta fita da ƙaramar kula, wadda abincin ranarta ne kawai a ciki.

Ranar Asabar da la'asar ta tara mu a falo.

"Dogo, mako uku ana niƙa da sunana a gidan nan, ko lasa ban yi ba. Kullum a cika kula a fita. Tambayi matarka gidan wa ake kaiwa."

Amarya ta ɗago a razane, ta dubi Yaya, ta sunkuyar da kai. A tunaninta tsohuwa kunya take ji a gaban ɗanta.

"Ki yi magana mana, filis," in ji Dogo. "Ki ce ba haka ba ne."

"Umma, ki yi haƙuri." Iyakar abin da ta ce ke nan, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Ka ji ko? To, ka mayar da ita wurin uwar da take ciyarwa, ta zauna can sai na neme ta."

"Umma, matata ce fa—"

"Ni kuma maƙwabciyarka ce?"

Amarya ta hau sama ta sauko da jaka. Dogo ya miƙa hannu zai karɓa kamar yadda ya saba, ya dubi uwarsa, hannun ya tsaya a iska. Wannan hannun ne ya fara karya mini zuciya. Na buɗe baki, na tuna gemu, na rufe.

Sai Yaya ta ƙara da cewa, "Ko kawo mini ta yi ma ba zan sha ba. Wa ya san buhun sugan da take juyewa a ciki."

"Haba Yaya, babu ƙwayar suga ko ɗaya," na ji bakina yana faɗa. "Ayaba ce. Dabinon ma tun ranar Talata aka cire, na Alhamis kuwa kokwamba ce zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin—"

Duk suka juyo suna kallona.

"Auta," in ji Yaya, sunan da rabon da ta kira ni da shi tun ina gajeren wando. "Guda nawa?"

"A rana ko gaba ɗaya?"

Ta juya ga Amarya. "Ke kuma me ya hana ki cewa ba ki kai ko'ina ba?"

"Na ɗauka ke kike sha, Umma. Na ga gara a ce ni ce, da a ce ke."

Sai Yaya ta miƙe, duk da ciwon gwiwa, ta karɓi jakar da hannunta ta ba Dogo. "Mayar mata sama." Ta jawo yarinyar jikinta, suka yi ta kuka, Yaya tana cewa "'yata, ki yafe mini," Amarya kuma tana cewa babu komai. Ni ma na matso hawaye ko za a manta da ni.

Ba a manta ba. Dogo ya sauko da injin askinsa, yana murmushi irin na marasa tarbiyya.

Darasin dai a fili yake. Wanda ya haƙura ya rufa wa wani asiri, ko an daɗe gaskiya za ta wanke shi, ta ƙara masa daraja. Mutanen gida ɗaya kuma su riƙa tambayar juna kafin su yanke hukunci, domin tambaya guda da ta hana hawayen nan duka. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba, a ce ni da na fito da gaskiyar ni ne aka aske.

Yanzu an mayar da firiza falo, inda Yaya ke zama. Kullum da yamma Amarya takan tsoma mazubin a ruwan ɗumi, ta zaro na mangwaro ta miƙa wa Yaya a hannu, ta ba mijinta na abarba. Sannan ta juyo gare ni da ladabi, hannu biyu, ta miƙo mini kore.

Ina karɓa. Haɓata dai tana jin sanyi.