Jinin Mutanen Tagriss

Lailatu, ma'aikaciyar labo, ɗakin gwajin jini na asibiti, na buɗe firigo da safe ta dafe kai. Kwalaben jinin da aka ɗebo wa makiyayan Tagriss masu baƙon zazzaɓi sun lalace gaba ɗaya, sun koma garai kamar ruwan zoɓo. Ran nan ne za a kai su Maradi a gano ciwon. Makiyayan kuwa sun riga sun bi ciyawa, sun yi arewa.

Manjo, shugaban asibitin, ya karɓi makullin Lailatu ya kulle ɗakin, ya kira jandarma. Ajidan Attaher ya zo, ya tarar da Lailatu na share hawaye.

"Mi ke ɓata jini haka?" ya tambaye ta.

"Zafi, ko jijjiga, ko daskarewa, ranka ya daɗe. Amma ni na aje su inda ya dace."

Manjo ya ja shi gefe, ya ce ita aka zaɓa ta tafi ƙaro ilimi Yamai. In laifin ya hau kanta, tafiyar ta sha ruwa.

Attaher ya fara da Hamani direba, wanda ya kawo kwalaben.

"Hanyar Tagriss akwai gargada. Ka yi gudu?"

"Na yi, amma ko da na iso, gaban Manjo aka duba kwalaben, lafiya lau."

Manjo ya shaida. Sai Kimba mai gadi.

"Wutar kuran ta ɗauke jiya?"

"Ko ta ɗauke, firigon nan da hasken rana yake aiki."

Attaher ya duba da kansa. Jinin wata mai ciki da ke jere ɗaya da na Tagriss bai canza ba, ke nan sanyi bai yanke ba. Ya buɗe ƙaramin ɗakin ƙanƙara na sama. Can ƙurya ya ga ɗigon ja a daskare, da ɗan tsinin kwalba. Ya mayar da murfin, bai gaya wa kowa ba.

Mutum biyu ke da makullin labo, ta farko Lailatu. Na biyun shi ne Amiru, wanda ya koya wa Lailatu aiki. Sai hantsi ya iso kan babur, ya ce a Sabon Maci ya kwana wajen suna. Attaher ya tare shi a gindin dogon yaro.

"Malam Amiru, jinin Tagriss ya lalace. Ga alama zafi ne. Sai mu ce tsautsayi, mu bar yarinyar ta tafi Yamai."

Fuskar Amiru ta sauya.

"Wane zafi? Daskarewa ce! Wanda bai san ba a sa jini cikin ƙanƙara ba, mi zai koyo Yamai? Ni na nuna mata yadda ake riƙe allura!"

"Ka ga kwalaben ne?"

Attaher bai jira amsa ba.

"Tun safe ɗakin a kulle yake, kai kuma yanzu ka sauka daga babur. Ban faɗa wa kowa zancen ƙanƙara ba. Miƙo hannunka."

Akwai sabon yanka a babban yatsansa.

"Jiya da ta tashi aiki ka dawo," in ji Attaher. "Ka sa su a ƙanƙara, suka daskare, ɗaya ta fashe ta yanke ka. Ka mayar da sauran, suka narke kafin safe. Da ka bar ni da zancen zafi, da na sha wuya. Amma ba ka iya jure a wanke ta ba."

Amiru ya dubi ƙasa. "Na tsufa cikin ɗakin nan. Ko sau ɗaya ba a kira sunana ba."

Lailatu na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komi. Ta ɗauko sababbin kwalabe da akwatin sanyi, ta dubi Hamani.

"Baba, tada mota. Ƙila mu cim ma makiyayan a rijiya kafin su yi nisa."