Kwalbar Yaya Rahina

Gab da magariba Inna ta aike ni gonarmu ta bayan Dauran in kwanto akuyar da aka manta. Kwana arba'in da rasuwar yayata Rahina ke nan. Ban so zuwa ba, don na san abin da na binne a can.

Ciwon daji ne ya kama mata hanji. Da aka yi mata aiki a Kaura, likita ya ba ni wata kwalba da naman da aka yanko, cikin ruwan magani mai yaji a hanci. Ya ce in kai babban asibiti a Sakkwato. Wai a jikin wasu, sojojin jini kan taru su kafa sansani a cikin ƙarin, kuma irin waɗannan majinyata sun fi daɗewa a raye. In an duba, zai fi sanin maganin da ya dace da ita.

Na kwana da kwalbar a gida. Kawu ya gani, ya ce, "Naman Musulma za ka yi yawo da shi a mota? Rufe shi, a mutunta ta."

Ga tsoron hanya. Na binne a gindin kalgo a gonarmu, na ce wa Rahina na kai. Wata huɗu tana tambayata sakamako, ina cewa bai fito ba.

Na iske akuyar ta ja igiya har ƙarshe, tana rawar jiki. Na kwance ta, na naɗe igiyar a hannuna. Babu kukan tsuntsu. Sai warin nan na ruwan magani ya bugi hancina, idona ya kawo ruwa.

A gindin kalgon, mace na zaune, ta ba ni baya. Zanen da muka kai Rahina asibiti da shi ne a jikinta.

Ƙarƙashin ƙasa wani sauti ke tashi. Dif, dif, dif. Kamar tafiyar mutane dubu, amma ƙanana.

"Na'Allah," ta ce a hankali. "Ya fito?"

Na ƙanƙame igiyar akuyar.

"Ka ji su?" ta ce. "Sojojin suna ciki tun ran nan. Ba wanda ya zo ya duba su."

"Yaya, ki yafe..."

"Matso ka tona. Mu gani tare."

Ƙafata ta ɗaga da kanta. Taku ɗaya. Biyu.

Ta fara juyowa.

Akuyar ta fizge, igiyar da ke naɗe a hannuna ta kayar da ni. Na tashi da gudu ina a'uziyya, ban waiwaya ba.

Sati guda na yi ina zazzaɓi. Da na tashi, na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ta daɗe tana jan carbi.

"Rahina ta sani tun tana da rai," in ji Inna. "Makwabcinmu ya gan ka kana tono, ya gaya mata. Ta ce kada kowa ya tona maka asiri, ita za ta yi ta tambaya har ka faɗi da bakinka."