Ruwan Lagireto

Shekarar da aka ba Kebbi jiha, Zayyanu ya tuƙo tsohuwar Fijon marigayi babansa daga Jega zuwa Gehuru, zai ajiye ta sai ranar da Allah ya yi. Ana kiran magariba ya shigar da ita gareji. Ya tsiyaye ruwan lagireto a bokiti yana tururi, ya watsa bayan katanga. Gajiya ta mantar da shi bisimilla.

Ya cire batir, ya ɗora motar kan tubala, ya kwance tayoyi. Yana toshe salansa, bututun hayaƙin motar, da tsumma saboda ɓeraye sai kukan gyare ya ɗauke tsit. Wata mata ce tsaye bakin ƙofa, rungume da jariri cikin zane.

"Malam, kai mu Aliero wurin mai magani. Yarona ya ƙone."

"Ayya baiwar Allah, motag ga ba ta sake tashi. Mi ya same shi?"

"Wasa shikai bayan katanga."

Ta buɗe zanen. Fatar yaron ta saɓule, jan ruwa mai warin tsatsa na ɗiga daga jikinsa, har yanzu yana tururi. Fitilar Zayyanu na haska ta, amma babu inuwarta a bango.

Bisimillar ta zo masa baki, ta maƙale.

"Ta makara," in ji matar, tana duban cikin gida. "Naka yaron wata nawa?"

Can tsakar gida matarsa Rahinatu ta ƙwalla ƙara.