Katin Rangwamen Gwaggo Chayo

Falon maigida Don Eusebio a garin Puebla ya cika maƙil ranar shida ga Janairu, dangi sun kewaye tebur ana jiran a yanka rosca, ƙaton burodin nan mai kama da zobe da ake ɓoye 'yar tsanar roba a cikinsa. Kowa ya san doka: wanda tsanar ta faɗo a rabonsa, shi zai ciyar da dangi da tamal, wani irin alalen masara da ake turarawa a cikin ganye, ranar biyu ga Fabrairu.

Nayeli, 'yar autar gidan, sai washe baki take, don saurayinta Efraín ne ya kawo burodin bana, kuma yau yake son neman aurenta. Bakaniken babura ne, ba shi da yawa amma ya iya riƙo. Kofi, askirim, ɗan kek ɗin da yake saya mata ran Lahadi, duk da katin sayayya yake biya, irin wanda ake sayarwa da rangwame. Rarar kuwa yana tara musu ta ɗakin haya.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa! Yana sunkuyawa gaisuwa katin ya zame daga aljihunsa, ya faɗi gaban Gwaggo Chayo, yayar Don Eusebio, mace mai baki kamar reza. Ta ɗauka ta juya bayansa.

"Iyye! Jama'a ku zo ku gani! Sitika mai ruwan ɗorawa, katin rangwame! Eusebio, wannan maƙon za ka ba wa 'yarka? Mutumin da ko burodi sai an yi masa ragi?"

Aka kwashe da dariya. Bai ishe ta ba, ta fizge wuƙa, ta lalubi ƙasan burodin da yatsa har ta ji tauri, ta yanko wajen ta miƙa wa Efraín. Yana gutsura sai ga tsana. Nayeli ta ga komai da idonta.

Don Eusebio ya haɗe rai. "Yaro, ka ciyar da dangina ba tare da jin kunya ba, sai mu yi magana. In ka kasa, kada ka sake taka min ƙofa."

A bakin get Nayeli ta fashe da kuka. "Na rantse sai na rama! Sai ta ɗanɗani abin da ta ɗanɗana maka, muguwa kawai!"

"Haba bebi, yi haƙuri," in ji Efraín. "Gwaggonki ce fa. Kuɗin ɗakin nan zan taɓa, ma sake tarawa."

Haƙuri? Ta dai gyaɗa kai, amma zuciyarta tafasa take.

Bayan 'yan kwanaki tana gugar wandon Baba, sai ga shi a aljihu, katin shan kofin da Gwaggo ta ba shi kyautar Kirsimeti, wanda ta cika gida da cewa ita ba ta san arha ba. A bayansa an manna wata fulawar ado ta takarda. Nayeli ta ɗan ɗaga gefenta da farce. Lallai! Ta mayar ta shafe, ta saka katin inda yake, ko Efraín ba ta gaya wa ba. Ta ci gaba da gaida Gwaggo har da rusunawa, tana jiran ranarta.

Ranar ta zo. Efraín ya sauke tukwane suna tururi, tamal na kaza da na barkono, aka ci har ana kwance bel. Gwaggo ta lashe na huɗu, ta taɓe baki.

"Ba laifi. Wannan ma da katin matsiyata aka saya?"

Nayeli ta miƙe a natse. "Baba, don Allah ina katin nan mai tsada da Gwaggo ta ba ka? A nuna wa Efraín ya ga yadda manya ke kyauta."

Ya zaro ya ba ta. Gwaggo ta zabura. "Ke! Kawo nan!"

Ina! Nayeli ta riga ta ɓare fulawar, ta ɗaga katin sama. Sitika mai ruwan ɗorawa, sak irin na Efraín. Sai dariya ta ɓarke a falon, har wani kawu ya ƙware. Gwaggo ta rasa inda za ta sa fuskarta, hawaye suka cika mata ido. Nayeli kuwa ko ɗigon tausayi ba ta ji ba, daɗi ne ya ratsa ta har ƙafa.

Don Eusebio ya dubi yayarsa, ya dubi tukwanen da aka kwashe tas. "Yaya, ke kin ɓoye naki, shi bai ɓoye nasa ba, kuma da rarar ya ciyar da mu. Efraín, turo iyayenka. Na ba ka."

Tattali ba rowa ba ne, kuma wanda ya raina ƙanƙanin ragi bai san da shi ake gina gida ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, mai tona asirin wani kuwa ya fara duba aljihunsa.

Efraín ya zuba wa Gwaggo kofi da hannu biyu, ya rusuna, ya ce a hankali, "Gwaggo, ki riƙa saye ran Talata. Ragin ya fi yawa."